Farar Ƙasa a Kan Tuwo

Ni ne mai laifi, ba ita ba. Gara in faɗa tun farko.

Cikin matata yana wata bakwai na kai ta hoton ciki a wani asibiti a Jabi, kusa da shagona na tayoyi. Likitar, 'yar Filato ce, ta daɗe tana goga na'urar a wuri ɗaya, sannan ta nuna mana wasu baƙaƙen zagaye a allon.

"Oga, hanjin yaron ne, ya buɗe fiye da kima. Wataƙila ya toshe, wataƙila ba komai. Ku dawo duk sati biyu in auna. Kuma ta haihu inda akwai likitan tiyatar jarirai."

Kalma ɗaya na riƙe: toshe. Na san matata tana cin farar ƙasa, irin kwaɗayin masu ciki.

"Ke kika yi wa ɗana gini a ciki," na ce a mota.

"Maigida, likita ba ta ce haka ba."

"Likita ta san kina cin bango?"

Da aka zuba abinci, na marmasa mata farar ƙasar a kan tuwonta, na ce ta ci, ai abincinta ne. Ta ci loma uku tana kuka. Ina kallo.

Ban sake kai ta awon ba. Na tura ta Abaji wajen mahaifiyata, takardar hoton kuma tana motata. Sau biyu matata ta roƙe ni in aika mata.

A gida ta haihu, namiji. Kwana biyu bai yi kashi ba, sai koren amai. Aka kira ni, na je na ɗauko su. A kan cinyarta ya cika, muna hanyar asibiti.

Likitan da ya duba gawar ya karanta takardar, ya dube ni. Matata tana waje. Na tambaye shi maganar farar ƙasa.

"Ba ita ba ce. Haka hanjin ya zo. Irin wannan muna yi musu aiki, da yawa suna rayuwa."

Shekara guda ban faɗa mata ba. Sai ranar da na ji tana ce wa maƙwabciyarmu mai ciki, "Kada ki ci farar ƙasa, ni da ita na kashe nawa."

Da maƙwabciyar ta fita, na durƙusa a gabanta.

"Likita ya ce ba ƙasar ba ce. Tun ranar na sani, na ɓoye miki. Ni na hana shi asibiti. Don Allah ki yafe mini."