Kwalaben Inna Rariya

Shekara ashirin da biyu da wata huɗu Inna Rariya ta yi tana tsaye a bakin mazurari ɗaya, a wata ƙaramar masana'anta da ke yin garin abincin jarirai. Masara da waken soya da gyaɗa ake soyawa a niƙa, garin ya gangaro ta mazurari ya faɗa rariyarta, ta tankaɗe, 'yan mata su ɗura a gwangwani. Daga nan ta samo sunan. Ma'aikata da yawa sun zo sun tafi ba su san sunanta na gaskiya ba, ita kuma ko a jikinta.

Ta kama aikin ne bayan rasuwar mijinta, wani mai walda. Ya bar mata 'ya'ya uku da wani mayen ƙarfe mai kama da ƙaton zobe, wanda ya ciro daga tsohuwar lasifika. Da shi take tsince burbushin ƙarfe daga aljihun rigarsa kafin wanki, sau biyu ma daga idonsa. Ba wanda zai koya mata halin ƙarfe.

A cikin mazurarin akwai mayen ƙarfe na masana'anta, dogo kamar muciya. Haƙoran injin niƙa suna cin junansu, abin da suka ci kuwa cikin gari yake zuwa, sai mayen ya kama shi. Kullum ƙarfe huɗu saura kwata Inna takan zaro shi, ta kankare baƙar ƙurar da ta manne, ta zuba a 'yar kwalbar allura da ta dafa ta shanya. Mako ɗaya, kwalba ɗaya, da kwanan wata a jiki. Tsohon maigida ne ya kafa wannan tsari. Ranar Asabar yakan ɗaga kwalbar a hasken taga, ya gwada da farcen babban yatsansa. In ƙurar ta wuce farce, a sake haƙora ran nan, ba gardama.

Sai ciwo ya kwantar da tsohon, ɗansa ya hau kujera. Wannan ɗan, Inna ta goye shi a bakin mazurarin nan lokacin da uwarsa ke cikin masu ɗuri. Ya dawo daga karatu da allon lissafi a kai. A makonsa na biyu ya sa aka cire mayen, wai gari na taruwa a jikinsa yana rage gudun aiki. Haƙora kuma ya hana a sake, sai dai a kai su a wasa, a mayar.

Washegari Inna ta zo da mayen mijinta, ta naɗe shi a farar leda, tana zagaya shi cikin gari kafin ta tankaɗe. Kwalbar da a da ba ta kai farce a mako, yanzu kwana uku ta cika har wuya. Ta ɗauka ta shiga ofis ba sallama mai tsawo.

“Ɗan nan, dubi abin da muke ɗura wa 'ya'yan mutane.”

Ya duba, ya yi dariya. “Haba Inna! Ai likitoci ma cewa suke yara na bukatar sinadarin ƙarfe. Kyauta muke ƙara musu.”

“To madalla. Aiko mini da ƙusa biyu in dama wa 'yarka.”

Dariyar ta tsaya. “Inna, zamani ya canza. Karen bana shi ke maganin zomon bana.”

“Jaririn bana kuwa hanjinsa irin na jaririn bara ne,” ta ce, ta ɗauki kwalbarta ta fita.

Ta ci gaba da zagaya mayenta, amma ba ta ruɗi kanta ba. Hannu ɗaya ba ya tare buhu arba'in a yini. Ta san abin da ke wuce ta ya fi abin da take kamawa. Tana kallon 'yan mata suna buga murfi, a jikin kowane gwangwani ga hoton jariri yana dariya.

Sau biyu a shekara jami'ar gwaji ke zuwa daga hukuma ta ɗauki samfur. Ƙaramin maigida ya ƙirƙiro abin da ma'aikata suka raɗa wa suna kwalin baƙi. Akwai sababbin haƙora a kulle cikin kabad. In an ji ƙishin-ƙishin zuwanta, sai a ɗaura su, a niƙa garin kwali guda, a kwance su a mayar. Inna ya zaɓa ta kai kwalin ofis, don a cewarsa furfura ba ta kama da ƙarya.

Ranar Talata jami'ar ta zo, mace matashiya mai tabarau. Inna ta san abin da ke kan faifai: aikinta, da marayun 'yarta biyu da ke ci daga hannunta. Ta yi tunaninsu tun daga ɗakin niƙa har ƙofar ofis, taku talatin da ɗaya. Ta dire kwalin a kan tebur. Ba ta fita ba. Ta buɗe jakarta, ta shiga jera kwalabe a gefensa, daga mai 'yar ƙura a gindi har zuwa cikakku, goma sha tara.

“Malama, wannan kwalin naku ne, na baƙi. Na 'ya'yan mutane yana sito. Waɗannan kuma abin da na tsamo ne daga cikinsa.”

“Inna!” Ƙaramin maigida ya miƙe. “Malama, ki yi haƙuri, tsufa ne.”

“Tsufa ne,” in ji Inna. “Shi ya sa na tuna ranar da ka haɗiye maɓalli a bayana, uwarka ta yi ta birgima a ƙasa. Maɓalli ɗaya tak, yallaɓai.”

Jami'ar ta ɗaga kwalba ɗaya a hasken taga, ta jima tana juyawa. “Mama, wa ya rubuta kwanan watan nan?”

“Ni. Iyakar bokona ke nan.”

“Ya isa. Abin da mayenki ya kama na gani. Wanda ba ya iya kamawa shi ya fi ba ni tsoro, kuma sai a ɗakin gwaji za a sani. Ki nuna mini siton.”

Jami'ar ta zaɓi gwangwani shida da hannunta, daga ƙasan jeri, ta manne su da hatimi.

Ranar Alhamis aka miƙa wa Inna takardar sallama. Dalilin da aka rubuta shi ne shigo da baƙon abu ɗakin niƙa. Ta sa aka karanta mata sau biyu, ta ce, “Aƙalla yau an yarda akwai baƙon abu a ɗakin.” An umarci maigadi ya caje ta. Dattijon ya rasa inda zai sa idonsa. Tana ratsawa sai jakarta ta manne da ƙyauren ƙarfe, ƙwam!

“Inna, mene ne wannan?”

“Gadon mijina ne. Ko shi ma na kamfani ne?”

“Wuce, 'yar'uwa. Ni ban ga komai ba.”

Bayan kwana goma sha ɗaya aka rufe ɗakin niƙa, aka bi kantuna ana kwashe gwangwanaye. Wasu ma'aikatan suka daina gaishe ta, suna cewa ta zuba musu ƙasa a abinci. “Gara ƙasa a naku da ƙarfe a na jarirai,” take ba su amsa.

Ba ta zauna a gida ba. Ta ɗauki kujera 'yar tsugune ta kafa a gefen injin niƙan unguwa. Duk mai jegon da ta niƙo garin jaririnta, sai Inna ta kira ta, ta zagaya mayen a ciki, ta nuna mata abin da ya fito a farar leda. Mai injin ya yi ta ƙunƙuni kwana uku, a na huɗu ya sake haƙora. Matan sukan bar mata ɗan gari ko sabulu. Ba ya kai albashi, amma tukunya ba ta kwana a kife ba.

Wata biyu bayan haka maigadi ya zo, yana ta murza hula. An buɗe masana'anta, ya ce, an mayar da mayen cikin mazurari, sai dai yarinyar da aka sa a wurin ba ta san kan abin ba. Ƙaramin maigida na gaishe ta, ya ce ta dawo ranar Litinin.

Inna ba ta ɗago daga kwanon da take zagayawa ba. Ta laluba jaka, ta miƙa masa kwalbar allura, wankakkiya, babu komai a ciki.

“Kai masa. Ya tara na mako guda, ya kawo mini nan da ƙafarsa ranar Asabar. In gwada da farce tukuna.”