Baban da ya rage wa tayata iska

Kullum da safe, kafin ya taɓa sifana, Baba mai gyaran keke sai ya share gaban rumfarsa, ya jingina tayoyi a bango, ya cika bahon da yake neman huji a ciki. Shekara talatin ke nan. Ƙarshen watan nan zai rufe, hannu ya fara rawa.

Bara da damina na samu koyarwa a wata firamare da ke bayan fadama. Sau uku taɓo yana makarar da ni. Hedimasta ya ce in na ƙara, wata za a ba ajin. Na jawo tsohon keken yayana, mai giya, irin na hawan dutse, na kai rumfar. Na tsaya a gefe ina riƙe da shi.

Baba bai matsa min ba. Sai ya tambayi keken.

"Tsoho, ina za ka kai 'yata?"

"Bayan fadama," na ce, kaina a ƙasa.

Ya kwance murfin tayoyin duka biyu. Ya goge baƙin man da yayana ya lafta wa sarƙa, ya ɗiga sabo ɗan kaɗan. Ya sauke sirdi yadda ƙafata za ta kai ƙasa. Sai ya danna bakin tiyub, iska ta fara fita.

Telan da ke gefensa ya leƙo. "Baba, gyara aka kawo ko ɓarna? Har iskar ma sai ka sace?"

"Kai dai ji da zarenka. Taya mai tauri santsi take yi. Murfin nan kuwa, laka ke cushewa a ciki ta riƙe taya." Ya juyo gare ni. "Kada ki damƙe birkin gaba a gangara, kin ji? Kayanki za su ɓaci, amma za ki isa."

Aka kwana ana ruwa. Da safe na isa makaranta da laka har gadon baya, ba a kaɗa ƙararrawa ba. Hedimasta ya kalle ni, ya kalli agogo, ya wuce.

Daga baya ungozomar unguwarmu ta ce min nata keken ma haka ya yi masa, har da tambayar.

Baba, kai ne likitan tsofaffin ƙarafa, mai tambayar hanya kafin ya ɗauki sifana. Masu sana'a, don Allah ku koyi wannan tambayar. Yara arba'in da biyu ke ajina yanzu, sun fara haɗa baƙi. Ba su san ka ba, Baba. Na gode a madadinsu, Allah ya saka maka da alheri.