Tukunyar Injiniya

Katanga ɗaya ce tsakanina da ita, katangar ma ba ta kai kafaɗata ba. Don haka kada wani ya ce leƙe nake yi. Ni dai shanya nake, in ido ya faɗa gidan maƙwabta, a je a tuhumi magini.

Ni na sa mata suna Tukunya Biyu, sunan kuwa ya bi ta, har jikokinta sun ɗauka da shi aka haife ta. Tela ce, keken ɗinkinta na bakin tagar ɗakin gaba. Mijinta makanike ne a masana'antar kwalabe da ke ƙarshen titinmu. Lokacin da labarin nan ya fara 'ya'yansu huɗu, albashi kuwa irin wanda ke shigowa ta ƙofa ya fice ta taga.

Masana'antar nan ta tara mutanen duniya. Da rana in na kai musu ruwan sanyin da nake sayarwa, kallo nake sha kyauta. Ga masu cin shinkafa da tsinke biyu, ƙwaya ba ta faɗuwa. Ga masu cika faranti da ɗanyen ganye suna tauna kamar awaki, wai don su daɗe a duniya. Wani a tsaye yake ci yana duba agogo, sai ka ce abincin ne ya ɓata masa rai. Wani kuwa barkono ɗaya ya sa shi hawaye da majina, har na ba shi ruwa ban karɓi ko sisi ba.

A cikinsu akwai Injiniya, wani dogo siriri da aka ɗauko daga bayan teku don ya kula da injina. Ba mata, ba dangi, sai ɗaki ɗaya a bayan masana'anta. Makanike ke miƙa masa sifana, har sabo ya shiga. Ran nan ya jawo shi gida cin abinci, bai ko gaya wa matarsa ba. Halin maza ke nan.

Wata ya yi nisa. Yanka biyu ne na nama a miyar, su ma sai ka sa tabarau. Ta tsamo su duka ta ɗora wa baƙo a kan shinkafa. Yaran nan huɗu suna bakin ƙofa, idanunsu suka bi ludayin har ya sauka. Injiniya ya dubi faranti, ya dubi ƙofa, ya ce da guntun harshenmu da ya tsinta, "Uwargida, ni ba ci nama."

Makanike ya dafa kai. "Af, na sha'afa! An ce mutanen ƙasarsu da yawa ba sa ci. Wasu ko ƙwai ba sa taɓawa."

Kunya ta rufe ta. Ta kwashe naman ta ba yara, ta yi ta ba shi haƙuri don romo ya riga ya taɓa shinkafar. Washegari ta tafi kasuwa ta sayo sabuwar tukunya da ludayi da wuƙa da faranti, ta ɗaura wa hannun tukunyar jan ƙyalle daga ragowar ɗinki don kada wani ya kuskura ya haɗa.

Na leƙo, wato ido ya faɗa, na ce, "Yaya, amarya za ki yi wa maigidan ne kike tara kayan ɗaki?"

"Ke dai bakinki ba ya hutu. Baƙo ne, ya bar ƙasarsa da uwarsa. In bai sami inda za a girmama cikinsa ba, ina zai sa kansa?"

Da farko ƙarshen mako kawai yake zuwa. Daga baya ya zama kullum, yara na kiransa Kawu. Ta koyi sarrafa wake ta hanyoyin da waken kansa bai san yana da su ba. Dankali, kabeji, gyaɗa, kabewa, duk ta ba su aiki. Ko dunƙulen miya za ta saya, sai ta sa mai kanti ya karanta mata ko da nama a ciki. Kuma ta ce rashin kunya ne mutum yana zaune ƙamshin abin da ya haramta wa kansa yana dukan hancinsa, don haka in zai zo, tukunyar gidan ma ba nama. To, mutumin da ke zuwa kullum fa? Yaran nan a gidana suka san daɗin ƙashi. In na soya kaza, sai in ga kawuna huɗu sun jeru a katanga kamar kwalaben ubansu.

Har malamar al'adun su Injiniya ta zama a layi. In mata suka ce wane irin namiji ne zai rayu a kan ganye, sai ta ajiye almakashi. "Ku ba ku sani ba. Su a wurinsu duk abin da ke numfashi ɗan'uwa ne. Ku da za ku cinye akuya har kofato, me kuka sani?" Injiniya bai taɓa gaya mata haka ba. Tela ce, ta tsinci ƙyalle nan da can ta haɗa riga.

Ranar bikin babbar 'yarta abin ya kai inda ya kai. Tukunya Biyu tana da ƙane direba, autansu, ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Shaƙiyyi ne, ya fi ni. Ya faki ido ya kwarara romon nama cikin tukunya mai jan ƙyalle, wai ya ga ko Injiniya zai suma. Injiniya ya cinye, ya nemi ƙari. Direba ya kasa riƙe dariya, ya faɗa wa jama'a.

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. A gaban surukai ta nuna masa ƙofa. "Fita. Wanda ya ci amanar baƙona, tawa ya ci."

"Haba Yaya, wasa ne fa! Dubi, ko tari bai yi ba."

"Na ce fita."

Ya waiwaya wajen Makanike ko zai sa baki. Makanike yana kallon takalminsa. Injiniya ma haka. Direba ya fita, kuma zuciya irin ta gidansu, bai sake takowa ba. 'Ya'yansa sun girma ba su san ƙofar gwaggonsu ba.

Shekaru suka ja. Makanike ya kwanta ciwo, Allah ya karɓi abinsa. Injiniya ya yi ritaya, bai koma ƙasarsu ba, ya ce wa ya sani a can? Ya kama ɗaki a ƙarshen layinmu. Ita kuwa ba ta fasa ba, ko da gwiwa ta fara ba ta wahala, kullum da rana kwanonsa na tafiya. Na ce, "Yaya, yanzu kam sai ki huta." Ta ce, "Amanar baban yara ce."

Watan jiya bel ɗin kekenta ya tsinke, ba a samun irinsa sai a wancan gefen gari, bayan tashar mota. Na ce zan raka ta, ba don Allah ba, don in ga gari. Muka sayi bel, rana ta take, ƙishi ya kama mu, muka shiga wani gidan abinci mai labulen roba.

Ni na fara ganin Injiniya. Yana lungu, ya naɗe hannun riga, rabin kaza a gabansa. Ba ci na mai koyo ba. Ya fasa ƙashin cinya da haƙori, yana tsotse ɓargo ido a lumshe. Na so in ja ta mu fita, ashe ta riga ta gani.

Ta taka a hankali har gaban teburinsa. "Kawun yara, sannu da aiki."

Ƙashin ya faɗi daga hannunsa.

Mai abincin, wata ƙatuwa mai fara'a, ta ɗauka gaisuwa ce ta arziki. "Au, kun san shi? Ai tsohon kwastomana ne, tun ina ƙaramar rumfa. Da su biyu suke zuwa duk ranar albashi, shi da abokinsa mai baƙin mai a farce. Allah ya jiƙansa, shi ƙafar akuya yake so, a cika masa barkono."

Tukunya Biyu ta jawo kujera ta zauna.

Injiniya ya goge baki. Yanzu harshenmu ya zauna masa sarai, ba wurin ɓuya. Ya ce, "Uwargida, gaskiya ne a ƙasarmu akwai waɗanda ba sa ci. Gidanmu muna ci. Ranar farko na ga idon yara. A wurinmu baƙo ba ya cewa abu ya yi kaɗan, kuma ba ya mayar da abin da aka ba shi sai da dalili. Shi ne na nemi dalili. Na ɗauka rana ɗaya ce. Da na dawo na tarar kin sayi tukunya."

"Baban yara fa? Yaushe ya sani?"

"A satin."

"A satin." Ta gyaɗa kai. "Me ya ce?"

"Ya yi dariya. Ya ce a bari tukuna, kina jin daɗin yi, in an faɗa miki kunya za ta kashe ki. Daga baya kuma ya ce an makara."

"Ranar biki fa? Kuna zaune ku biyu, na kori ɗan da na goya a bayana. Kuna kallon takalma."

Mai abinci ta sulale ta koma wajen murhunta. Ni kuwa, da yake hali zanen dutse ne, na ce, "Injiniya, cinye mana, kada ɗan'uwan naka ya huce." Ba wanda ya yi dariya, har ni.

Da muka iso gida ta kira lambar ƙanenta, matarsa ta ɗauka ta ce yana hanya, za ta gaya masa. Har yau bai kira ba.

Kwano ya daina tafiya ƙarshen layi. Injiniya ya zo ƙofarta sau da yawa, ta sa a ce tana ɗinki. Yanzu a bencin ƙofata yake zama da rana, ya rame, yana kallon titi. Nakan zuba masa abin da na dafa, da nama, ya ci kansa a ƙasa.

Shekaranjiya ta shigo ɗakina aron allurar hannu, tela guda, ka ji dalili. Ta zauna a bakin gado, ba ta ko dubi allurar ba.

Na ce, "Yaya, tsohon nan zai mutu a bencina, a ce ni na kashe shi. Tausayi fa ya ji, ba mugunta ba."

"Tausayin ne ai. Ni ina can ina cewa karrama baƙo nake, ashe shi yana ganin matalauciya ce ake rufa wa asiri. Na hana 'ya'yana, na yi faɗa da matan layi, na zama abin dariya ranar albashi."

"To ba za ki yafe ba ke nan?"

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. "Shi wannan zan iya. Yana da rai. Wata rana zan fito in zage shi tas, ya ba ni haƙuri, a wuce wurin." Ta dube ni. "Wancan fa? Shekara talatin muna kwana ɗaki ɗaya, ranar albashi ya dawo ya ce mini ya gaji ba ya jin yunwa, in tashi in dafa masa shayi. Na yi jinyarsa, ya riƙe hannuna ya nemi gafarar komai, har bashin da bai ci ba, bai faɗi wannan ba. Ke mai baki, gaya mini, ina zan same shi in tambaye shi?"

Ta tashi ta fita, ta bar allurar a kan gado.