Auwalu a Ƙofar Matar Mamaci

A garin Greenbelt na Amerika, mutane da yawa sun san Auwalu da ido ko da ba su san sunansa ba. Dogo ne siriri, da hular sanyi ko da bazara, kansa kullum a sunkuye kan wani abu a tafin hannu. A sashen Hausa na gidan rediyo yake aiki, shi ke haɗa sauti. Yana zama a bayan gilashi ya ɗaga wa masu karanta labarai yatsa su fara. Tasa muryar ba ta taɓa fita ba, bai kuma taɓa neman ta fita ba.

Da yake daga Greenbelt jirgin ƙasa ke tashi, bai taɓa rasa kujera ba. Wasu su buɗe jarida, wasu su yi gyangyaɗi, shi kuwa sai ya zaro 'yar na'urar wasansa mai fuska biyu da ɗan tsinken taɓawa. Matarsa Juwairiyya takan ce an yaudare ta, an nuna mata mai furfura a gemu, ashe ɗan firamare aka aura mata. Sai ya yi murmushi ya ce ai ba a mayar da kayan da aka riga aka buɗe.

A shekarar 2007 ya tsinci wani wasan na'ura a kwandon rangwame na wani shago. A Japan aka yi shi, wani ƙaramin kamfani ya mayar da shi Turanci, bai kuma buga da yawa ba. Labarin wani tsohon ɗan sanda ne da ke binciken kisan wani mai gyaran agogo a wani gari na bakin teku. Babu harbi, babu tseren mota. Tafiya ce kawai, da ƙwanƙwasa ƙofa, da sauraron mutane. Masu sharhi suka ce littafi ne ya yi shigar wasa, kasuwa ta juya masa baya. 'Yan tsirarun da suka so shi suka haɗu a wani zaure na intanet: wani ɗalibi a Finland mai jin Japananci, wani direban tirela a Texas, wata dattijuwa Olive da ta yi ritaya daga ɗakin karatu a Ohio, da wasu. Suna musu kan kiɗan, kan zanen, kan wanda ya yi kisan. Auwalu ya shiga, amma karatu kawai yake yi, kamar yadda ya saba a bayan gilashi.

Akwai abin da 'yan zauren ba su sani ba. A Jos Auwalu ya tashi, a shagon gyaran rediyo na mahaifin amininsa Jerome. Jerome ne ya koya masa riƙe dalma, shi ne babban abokinsa ranar aure, shi ya kai shi filin jirgi a Kano. Matar Jerome, Chundung, ba ta kiransa da komai sai "maigida ƙarami". Sai ga shi wata rana yana bakin aiki aka bugo aka ce mota ta ƙwace wa Jerome a Hawan Kibo, ko asibiti ba a kai ba.

Juwairiyya ta kira Chundung a ranar, suka sha kuka. Auwalu ya ce shi ba zai kira ba, ta'aziyyar Jerome da ƙafa ake yin ta, ba a waya ba. Lauya kuma ya ce kada ya kuskura ya bar ƙasar sai takardunsa na zama sun fito. Wata ya bi wata. Da ya gane tafiyar ba kusa take ba, sai ya ga ai lokacin kira ma ya wuce. Da wane baki zai fara? Shekara ta zagayo, kunyar ta yi kauri, har ya zama idan Juwairiyya na waya da Jos sai ya tuna akwai shara da zai fitar.

A babi na uku na wasan, ɗan sandan ya isa gidan mamacin. Matar mamacin ta buɗe ƙofa cikin baƙaƙen kaya. Zaɓi uku suka fito a ƙasa: a tambaye ta inda take lokacin da abin ya faru, a tambaye ta ko mijinta na da maƙiya, ko a nuna mata mabuɗin da aka tsinta. Auwalu ya nemi na huɗu. Ya taɓa ko'ina da tsinken, ya danna kowane maɓalli. Babu. Ya rufe na'urar ya sa a aljihu. Makonni yana buɗewa a jirgi, ya tarar da matar tsaye a ƙofa tana ƙifta ido, kiɗan na maimaita kansa, sai ya sake rufewa.

A ƙarshe ya yi rubutunsa na farko a zauren. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambaya a ina ake danna ta'aziyya. Ya ce a garinsu ba a shiga gidan rasuwa da tambaya. Zama ake yi a tabarma, a ce Allah ya ba da haƙuri, a yi shiru.

Direban tirela ya fara amsawa, ya ce ɗan'uwa, zane ne fa, danna na farko ka wuce. Wani ya sa hoton dariya. Amma ɗalibin Finland ya koma ya duba na asalin, ya dawo ya ce mutumin nan yana da gaskiya: a na Japan ɗan sandan yakan sunkuya ya kunna turare a gaban hoton mamacin kafin ya buɗe baki, masu fassara ne suka yanke wurin. Zaure ya kaure. Wasu suka ce an cuce su, wasu suka ce wasan da ma tafiyar hawainiya yake yi, a ƙara masa turare kuma? Daga baya wasu suka ɗauki al'adar ajiye na'urar a buɗe na ɗan lokaci a ƙofar matar kafin su tambaye ta komai. Har direban ya ce ya gwada a wani gidan mai, ya ji kansa wani iri.

Olive ba ta shiga musun ba. Saƙo ta aiko masa shi kaɗai, layi ɗaya: wa ya rasu maka? Ya daɗe yana kallon tambayar, sannan ya rubuta mata komai, abin da bai taɓa zama ya faɗa wa ko Juwairiyya ba. Amsarta gajeriya ce. Ta ce lokacin da mijinta ya rasu gida ya cika, ba ta ma tuna waɗanda suka zo ba. Wanda take tunawa shi ne wani abokinsa da ya ɓace, sai bayan kowa ya daina ambaton sunan mijin ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ce ta yi fushi da shi, amma kafin ya gama cire takalmi fushin ya wuce.

Ranar Asabar da hantsi Auwalu ya taka shagon 'yan Ghana ya sayo katin waya. Juwairiyya ta gan shi yana kankare lambar da ɗan makulli, ta shige kicin ta saki famfo.

Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Ya yi sallama, ya faɗi sunansa.

"Wane Auwalu?" in ji Chundung. "Ni Auwalun da na sani Turawa sun cinye shi."

"Ni ne, uwargida. Ya haƙuri?"

Yana jin kukan janareta da ƙarar kwanuka daga can.

"Mun gode Allah," ta ce. "Ka makara, maigida ƙarami. Shinkafar makoki ta ƙare tuntuni."

Ya fara jero dalilai, takardu, lauya, aiki. Ta katse shi, ta ce ya ajiye wannan, in ya zo za ta ja masa kunne da hannunta. Yanzu akwai abin da ya fi. 'Yarsu Constance ta dame ta da tambayar yadda babanta ya rasa haƙorinsa na gaba. Shi Jerome yakan ce dambe ya yi da soja, in ba a yarda ba a tambayi Auwalu.

Dariya ta kuɓuce masa, hawaye na bin gemunsa.

"Wane soja? Jakin mai itace ne a Gangare. Ya ce zai hau ta baya."

"Na sani ƙarya yake," in ji Chundung, ita ma tana dariyar da ta haɗu da jan hanci. "Tsaya, kar ka ƙarasa. Constance, zo ga babanki na Amerika."

Auwalu ya gyara zama, ya share fuska da hular sanyinsa, ya jira yarinyar ta karɓi wayar.