Famfon Man Jirgin Darcy

Maƙwabcina Darcy makiyayin tumaki ne a yammacin Queensland, a ƙasar Ostareliya. Komai ya lalace a gonarsa, da wayar shinge yake ɗaure shi. Ban da ƙaramin jirgin saman da ya ƙera don ya zaga da matarsa Noreen. Shekara biyu ya ɓata kan famfon mai kaɗai, har ya haɗa biyu, na inji da na lantarki, ko da ɗaya zai mutu a sama. Kullum yana gwada su cikin bokiti.

Noreen takan ce, "Kai Darcy, kafin ka gama ai na tsufa."

Ba ta tsufa ba, ta rasu kafin ya gama. Ranar da ya tashi, injin ko tari bai yi ba. Tulun tokar gawarta da aka ƙone ne a kujerar gefe, ya ɗaura masa bel.