Layin da Malam Dawuda Bai Sa Sunansa Ba

Kullum da hantsi, a bakin kasuwar Tambuwal, wani dattijo siriri yakan turo tsohon babur zuwa inuwa, ya shimfiɗa tabarma, ya kwance rediyon da aka kawo masa gyara. Malam Dawuda Ɗanmaliki ke nan. Masu kawo gyara "Baba mai rediyo" suke ce masa, shi kuma ya amsa da fara'a. Ni da muka zauna benci ɗaya a firamare, amsawar nan ce take ƙona mini rai.

A shekarun da kuɗin mai ya yi ambaliya, Dawuda ya gama karatun fiziks, wata jami'a ta ɗauke shi cikin wani bincike da take yi tare da masanan ƙasashen waje. Sun kafa ma'aunai a Kebbe da Sanyinna, suna ƙirga wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, masu faɗowa daga sama. Alƙaluma suka taru har suka fi ƙarfin babbar kwamfutar jami'ar. Aka ce sai ta shekara biyu tana lissafi, alhali wata shida ya rage a rufe binciken.

A lokacin ofisoshi da yawa sun sayi kwamfuta don dai a ce suna da ita, sun lulluɓe ta da zane, ba mai taɓawa. Dawuda ya rubuta tsarin kwamfuta wanda ya yanka lissafin gunduwa-gunduwa, kowace na'ura da rabonta, kamar yadda ake raba kuyyar gona ranar gayya. Ya bi ofis tara yana roƙon aro. Babu waya tsakanin na'urorin, don haka shi yake yawo da faifai a jaka, a kan babur, har hanyar Kebbe da damina. Kowane yanki sai ya ba na'ura biyu, in amsarsu ta saɓa a sake.

Hajiya Tambaya, wadda take buga tafireta a ɗaya daga cikin ofisoshin, ta ce mini: "Ni ban san mi shika yi ba. Shi taho da laka har gwiwa, shi sa faifai, shi ce kar in kashe. Ran da nim manta nik kashe, aikin kwana ukku yal lalace, sannu kaɗai yac ce mani."

Cikin wata huɗu lissafi ya kammala.

To, a saman tsarin akwai layin da mai shi yake rubuta sunansa. Dawuda ɗan gidan malamai ne. Mahaifinsa, Malam Sambo, ya ƙare rayuwarsa yana kwafar littattafai da hannu, kuma bai taɓa sa suna a ƙarshensu ba, sai dai ya rubuta cewa marubucin bawan Allah ne, wanda ya amfana ya yi masa addu'a. Abin da Dawuda ya sa a layin ke nan, kalma da kalma.

Tsarin ya haye teku a jakar shugaban binciken. Rahoto ya fito da sunaye goma sha huɗu, babu nasa. Can ƙasa aka yi godiya ga "ma'aikatan yankin". Da lokacin ƙarin girma ya zo, kwamiti ya nemi hujjar cewa shi ya yi aikin. Dawuda ya kai musu takardar tsarin. Wani ya karanta layin, ya yi dariya, ya ce ai bayin Allah suna da yawa. Shugaban binciken yana zaune a wurin, ya san gaskiya sarai, ya yi gum. Shekara talatin bayan nan Dawuda ya yi ritaya a matakin da ba shi da nisa da inda ya fara.

Na taɓa tsare shi na ce, "Kai ma da laifinka. Me ya hana ka kai ƙara?"

Ya ce, "In ce musu mi? Abin da baba yah hore ni da shi niy yi. Mutum ba shi yabon kainai." Ya ɗauki sukudireba, sannan ya ce, "Zafi dai shi nika ji har yanzu, ba ni yi ma ƙarya."

Malam Dawuda, kai ne ka sa injuna tara da ba su san juna ba suka yi aiki ɗaya. Kai ne ka kai wa mutanen da ba su san kunya ba tarbiyyar zaure, suka ɗauke ta wauta. Na yi fushi da kai shekara da shekaru, yau kam na san ba a kanka ya kamata fushin ya sauka ba. Mun gode, ɗan Sambo.

Matasanmu masu wannan karatu, ku ɗauki haƙurinsa da tsantseninsa, amma ku rubuta sunanku, don ba kowa ne ya tashi a zaure ba. Mu kuma da muka ji labari, abu ɗaya ya roƙa a layin nan, mutum goma sha huɗu suka karanta suka wuce. Yana da rai, kunnensa na ji. Allah ya saka wa Dawuda Ɗanmaliki da alheri. Wanda ya karanta ya ce amin.