Maraƙar da ba ta ɗauko ubanta ba

A gidanmu na Tirwun akwai doka tun kafin a haife ni: maraƙi namiji na Baffa ne, ya yi kiwonsa ya sayar da layya, mace kuwa ta Inna ce, ita da nononta. Inna mahaifiyata ce, Baffa mahaifina, shi ne kuma mai bijimin gidan, wani farin tsoho mai manyan ƙahoni da yake ji da shi kamar ɗan fari.

Matsalar ita ce bijimin nan bai san adalci ba. Shekara huɗu a jere maza yake zubo mana. Shanun Inna uku suna ta tsufa, nono yana ja da baya, har matan Ƙofar Dumi da suka saba sayen kindirmonta suka fara leƙa ƙwaryar wata. Ranar da na ga Inna ta dawo daga talla ba ta yi ciniki ba, abin ya ci mini rai.

Ni kuma lokacin ina koyarwa, na ji a bakin wata abokiyar aiki cewa mijinta likitan dabbobi ne, yana ɗura wa shanu irin bijimi da aka tace aka ware na mata. Na kai wa Inna labari ina jiran ta yi salati ta kore ni. Sai ta ce, “Yaushe zai zo?”

Muka zaɓi jar saniyarta. Likita ya yi mata allura, ya ƙirga kwanaki har neman bijiminta ya faɗo Juma'a, lokacin da Baffa ke masallaci. Ya iso a babur da wani tulun ƙarfe mai hayaƙin sanyi, ya zaro siririn tsinke. Inna ta kalli tsinken ta ce, “Likita, wannan ne bijimin?” Ya ce shi ne, amma ba ya rantsuwa, yawanci dai mace ake samu. Tsohon bijimi yana ɗaure bayan rumbu yana tuƙa, ko ɗaga kai bai yi ba.

Abu ɗaya muka manta ba mu tambaya ba: launin mai irin.

Bayan wata tara jar saniya ta haihu da hantsi. Mace! Sai dai baƙa ce da farin dabbare-dabbare, irin shanun Turai. Uwa ja, uba fari fat. Inna kuwa ta hau shara a wurin da ta riga ta share.

Baffa ya tsaya ya daɗe yana kallon maraƙar, ya juya ya kalli bijiminsa, ya kalle mu. Sannan ya gyara hula ya ce, “Kakar bijimin nan ta wajen uwa haka take.”

Kafin sati labari ya kai Gubi: bijimin Baffa ya fara haihuwar mata, masu launin Turawa ma. Wata safiya sai ga wani dattijo abokinsa ya janyo saniya har ƙofar gida, yana neman a ba shi aron bijimi. Ina bayan zana ina jin su, ina cizon gyale don kada dariya ta tona ni, ina kuma tsoron Baffa ya yarda a je a ji kunya.

Baffa ya ce, “Alhaji, bijimin ya gaji, ya tsufa.” Ya rage murya. “Amma ka turo mai ɗakinka ta gaida uwar yaran nan ranar Juma'a. Ni ina masallaci.”

Har Baffa ya rasu bai taɓa ɗaga mana zancen ba. Bijimin ma bai sayar ba. Kullum da safe shi yake fara ba dusa, sannan ya zuba wa baƙar karsanar Inna ninki biyu.